Ranar da Kasuwar Salaga ta Watse

 Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da muka gabatar a shirinmu na tarihi, mun rubuta shi saboda waɗanda iska ta ɗauke musu tasha ko batir ya mutu musu.

Abin da ya jawo maganar, waya ce da wani dattijo dillalin shanu ya bugo mana daga wajen Bawku. Ya ce, “Ɗana, ni kam na gama yawo. Kasuwa ta mutu, jiki ya yi nauyi, hawan jini ya kama ni, barci ya gudu. Likita ya ce in rage ƙiba. Na gwada mako biyu, sai aka yi suna a maƙwabta na ci na ƙoshi, na ce to shi ke nan, irina ba ya gyaruwa.” Na ce masa, “Baba, Allah ya ba ka lafiya. Ka ba ni mako guda in kawo maka labarin kakanninka, don sun taɓa tsayawa inda kake tsaye.” Ga labarin, kuma na san ba shi kaɗai ne mai buƙatarsa ba.

Zamanin fataucin Gwanja

Kafin mota, kafin jirgin ƙasa, Bahaushe idan ya ce zai tafi Gwanja, Salaga yake nufi. Goro na fitowa daga dazuzzukan Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, a kawo shi Salaga a ka. Daga Kano da Katsina da Sakkwato kuma ayari ke tasowa da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan sana'a. Ayari na da madugu, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan fito da kuɗin wucewa, yana da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki. Hanya ta kan bi ta Borgu, ta Sansanne Mango, ta Yendi, kana a sauka Salaga. Zuwa da komowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara, kuma yawanci a ƙafa, bayan jakai.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Salaga kasuwar bayi ce kuma. An sayar da 'yan Adam a cikinta kamar yadda ake sayar da goro, kuma har yau baƙi na zuwa ganin rijiyoyin da ake dangantawa da wancan zamani. Wanda aka kawo ɗaure da igiya, ba gyaran tunani ne zai kwance shi ba. Mu riƙe wannan a zuci, za mu dawo kansa.

Akwai wani aiki da kowane falke ya sani. Goro ba a ɗaure shi a manta. Bayan 'yan kwanaki sai an sauke huhu, an kwance ganyen fita, an bi shi ɗaya bayan ɗaya, a fid da mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. In ka yi ƙyuya, ƙwaya kaɗan su lalata maka kaya duka. Falken kirki kuma ba ya ganin sankara a goro biyar ya ce huhun ya ruɓe ya zubar a daji. Cirewa yake yi, ya ƙirga abin da ya rage, ya ci gaba da tafiya. Ka ajiye wannan huhun a gefe, da shi za mu auna sauran maganar.

Dukan farko da na biyu

A 1874 sojojin Ingila suka ci Asante da yaƙi suka shiga Kumasi. Mutanen gabashin Gwanja, da suka daɗe a ƙarƙashin Tonawa, suka ga dama ta samu suka yi bore. Sakamakon haka goro ya rage zuwa Salaga, kasuwanni irin su Kintampo da Atebubu suka fara ɗaukar cinikin. Garin bai mutu ba, amma ya rame.

Duka na biyu daga cikin gida ya fito. Sarautar Kpembe, garin sarakuna da ke dab da Salaga, tana zagayawa ne tsakanin gidaje uku: Lepo da Singbung da Kanyase. A ƙarshen 1892 Kabachewura Isifa na gidan Kanyase, da taimakon mayaƙa daga Dagomba da Nanumba, ya tashi wa Kpembewura Napo na gidan Lepo. Aka yi yaƙin basasa, aka washe Salaga, mutanen zango suka watse. Attajirin da jiya yake da masaukin fatake da bayi da rumbuna, yau ya fita da tabarma da buta.

To, a nan hanya ta rabu biyu. Abin da ya faru ɗaya ne ga kowa, amma abin da kowa ya gaya wa zuciyarsa daban. Ana iya cewa: fatauci ya ƙare. Ana iya cewa kuma: Salaga ce ta watse, amma dajin goro na nan, bakin masu cin goro a Kano na nan, jakai na nan, ƙafata na nan. Magana ta biyun ba lallashin kai ba ce, ita ce ma ta fi kusa da gaskiya. Waɗanda suka kama ta su ne suka cika zangunan Kete Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya kuma Kumasi da Ankara. Da jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau dogo zuwa arewa. Ayarin jakai ya ja baya, amma 'ya'yan fataken suka koyi lissafin jirgin ruwa da tasha. Sana'ar ta sauya hanya, ba ta bar hannunsu ba.

Malamin da ya zo a mummunan lokaci

Cikin waɗanda yaƙin ya ritsa da su akwai Malam Umaru, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga ko Alhaji Umaru na Kete Krachi. An haife shi a Kano wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya sauka Salaga a 1892, wato shekarar da garin ya watse. Ka duba wannan ƙaddara: ka yi doguwar tafiya zuwa babbar kasuwa, kana isa ta tashi. Da wani ne sai ya ce ƙafarsa ce ba ta da sa'a.

Ya koma Kete Krachi, ya zama limami, ya koyar da ɗalibai da suka bazu a zangunan ƙasar nan, ya yi aikin rubutu da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, ya je Makka ya dawo, ya rasu a 1934. Abin lura a wajensa shi ne bai ɓoye baƙin cikinsa ba. Ya rubuta waƙa da Larabci kan abin da ya sami Salaga, ya yi waƙar Hausa kan talauci da wadata, ya yi kan zuwan Nasara, ya yi kan annobar mura ta 1918. Ya zauna ya kira kowace masifa da sunanta, ya faɗi yadda ta fara da wanda ta taɓa. Abin da aka kira da suna, an san iyakarsa. Wanda aka bari a ciki ba a furta ba, shi ne ke kumbura da dare har ya cika ɗaki.

Yendi: iyaka ta ratsa gida

Daga Salaga mu hau arewa zuwa Yendi, fadar Ya Na, wadda ayari ke yada zango a cikinta tun da. A Disamba 1896 sojojin Jamus suka karya rundunar Dagomba a Adibo, suka shiga Yendi. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagbon biyu, Yendi ta faɗa ɓangaren Togo ta Jamus, yammaci ya faɗa hannun Ingila. Kai da ke fama da shingen kwastan yau, ka san zafin a ce hanyar da ubanka ya bi kyauta ta zama ƙasa biyu. Ga wanda ya rayu a lokacin, abin ya yi kama da na har abada. Amma yaƙin duniya na farko ya kori Jamus daga Togo, Dagbon ta sake haɗuwa.

Na kusa kuma da yawanku kun gani da idonku. A Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na biyu a rikicin gidan Abudu da gidan Andani. Aka sa dokar hana fita, ciniki ya ja baya, mutane suka riƙa cewa wannan wuta ba mai kashe ta. Shekara 17 aka yi ana kai da komo, kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu, tare da Nayiri da Yagbonwura, na sasanci, har a Janairu 2019 aka naɗa Ya Na Abukari Mahama na biyu. Shekara 17 ba wasa ba ce, wasu sun mutu ba su ga ranar ba. Amma kalmar “har abada” da aka yi ta faɗa ta fito ƙarya.

Bawku: inda ciwon yake ɗanye

Bawku ba sai na gaya maka ba. Gari ne da ke kallon Burkina Faso da Togo lokaci guda, kasuwarsa na ci bayan kowane kwana uku, shanu da albasa da hatsi na bi ta cikinsa daga Bittou da Sinkase zuwa kudu. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya samo asali tun wajen 1957, yana lafawa yana tashi, ya tashi a 2000 da 2001, ya tashi a 2007 da 2008, ya sake tashi daga ƙarshen 2021. Dokar hana fita, hana hawan babur, tsoron hanya, asarar rayuka. Wannan fili ba ya ɗaukar ɓangare, addu'armu Allah ya kawo zaman lafiya ga kowa.

Ba zan ce wa mutumin Bawku damuwarsa tunani ne kawai ba. Harsashi ba tunani ba ne, rufe kasuwa ba tunani ba ne, kamar yadda igiyar bawan Salaga ba tunani ba ce. Akwai abin da sai hukuma da sarakuna da adalci za su gyara. Amma a kan wannan kaya na gaskiya, zuciya kan ɗora wani kaya nata: “ba zai taɓa ƙarewa ba”, “komai nawa ya lalace”, “ni ne ba ni da amfani”. Kaya na farko ba ka da iko ka sauke shi yau. Na biyun kana da iko.

Ku ma makiyaya kuna da naku tarihin. Wajen 1890 ciwon bushiya ya ratsa ƙasashen nan ya share garkuna, har aka sami mai shanu ɗari ya wayi gari da sanda kawai. Fari na 1973 da na 1984 suka sake yin irin wannan ɓarna. Amma da aron saniya tsakanin dangi, da kiwon shanun wasu, da abin da Fulani ke kira munyal, wato haƙuri mai aiki, garke ya dawo. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Cutar da kakanni suka ɗauka ba ta da magani, yau babu ita.

Me ya haɗa wannan da tumbi?

Yanzu mu koma wajen Baba mai waya. Kakansa ya taka daga Kano zuwa Gwanja a ƙafa. Shi kuwa daga gida babur, daga babur benci a kara, daga benci gaban mota. Shayi mai sukari sau uku ko huɗu a rana, lemon kwalba, soyayyen abu a tasha, tuwo mai yawa da tsakar dare. Rayuwar ce ta sauya, jiki kuma ya bi ta. Wannan ba lalacewar hali ba ce.

Damuwa ma na da hannu. Idan mutum na cikin fargaba, jiki na sakin wani sinadari da likitoci ke kira kotizol. Aikinsa ya tara maka ƙarfi don gudu ko faɗa, sai ya ɗaga sukarin jini. In fargabar ta minti goma ce, ba laifi. In ta zama ta wata da watanni, sai ta ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ta taimaka wa kitse ya taru a ciki, ta hana barci. Rashin barci kuma na ƙara yunwa washegari. Sai a ƙara goro da shayi don a kori gajiya, su kuma suna da sinadarin da ke hana barci in an sha da dare. Ka ga an yi zobe. Daga nan sai tunani ya zo ya ɗaure bakin zoben: “tunda na karya, bari in ci gaba da ci.”

Maganar gyaran tunani ba Turawa suka fara ta ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya ba da shawarar mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. A shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa masu baƙin ciki na da wasu tunani da ke faɗo musu da kansu, kuma in an koya musu su tsaya su bincika ko gaskiya ne, suna samun sauƙi. Hanyarsa ce ake amfani da ita a asibitoci da yawa yau. In ka duba, aikin falke ne da huhun goro: kwance, duba, cire mai sankara, ɗaure sauran.

Yadda ake kwance huhu

Na farko, ka kama tunanin ka faɗe shi da baki, ko ka rubuta in kana rubutu, da boko ko da ajami. Na biyu, ka nemi kalmomin sankara a cikinsa. Uku ne suka fi yawa: “kullum”, “duka”, da “ni ne”. Na uku, ka tambayi kanka kamar kana ciniki: ina shaida? Na huɗu, ka sake faɗin maganar daidai da abin da shaida ta nuna, ba ƙari ba ragi.

Baba ya ce irinsa ba ya gyaruwa. Shaida kuwa ta ce ya yi kwana 14 yana kiyayewa, ya karya a rana ɗaya. Goro 14 masu kyau, ɗaya mai sankara. Wane falke ne zai zubar da wannan? Maganar da ta dace ita ce: “Na ci da yawa a wajen suna, abincin gaba zan koma ma'aunina.” Ya ce kasuwa ta mutu. Shaida ta ce hanya ɗaya ce ta toshe, mahauta a Kumasi da Ankara ba su daina neman shanu ba. Tambayar da ta dace ita ce wadda mutanen Salaga suka yi a 1892: ina cinikin ya koma, kuma wa na sani a can?

Sannan ka yi lissafin madugu. Madugu ba ya tashi da asuba yana tunanin nisan Gwanja, zango na gaba yake tunani, inda ruwa yake da inda za a kwana. Likitoci na cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ma na taimaka wa hawan jini da sukari. Mai kilo 100, kilo 5 ne zangonsa na farko, kuma a hankali ake zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa na tafiya da sauri sau biyar. Ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Sukari kuwa, in an iya tsayawa wajen ƙananan cokula shida a rana ya fi. Ka ƙirga na kofin shayinka ɗaya, ka ga inda kake. Ka fara da abu guda: rage cokali ɗaya, ko ajiye babur ka taka zuwa masallaci da kara, ko daina goro da shayi bayan la'asar.

Kada kuma ka yi tafiyar kai kaɗai. Ba a taɓa zuwa Gwanja da mutum ɗaya ba, shi ya sa aka yi ayari. Ka sami aboki a kasuwa ku riƙa takawa tare, ka gaya wa uwargida abin da likita ya ce don tukunya a hannunta take. Ku kuma iyayenmu mata masu fataucin albasa da hatsi da atamfa a kan iyaka, maganar nan taku ce, don nauyin gida da na hanya duka a kanku suke.

Gyaran tunani ba ya maye gurbin asibiti. Ka auna jininka, in yana kai 140 bisa 90 ko sama a kai a kai, ka ga ma'aikacin lafiya, kuma in an ba ka magani kada ka daina don ka ji sauƙi. In baƙin ciki ya wuce mako biyu ya hana ka ci da barci da aiki, ko ka fara jin gara mutuwa, ka gaya wa wani yau ɗin nan, ɗan'uwa ko liman ko ma'aikacin asibiti. Ciwo ne kamar kowane ciwo, ana maganinsa, ba abin kunya ba ne.

Salaga ba ta koma yadda take a da ba, wannan gaskiya ne. Tafkin Volta ma, bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, ya shanye tsohon garin Kete Krachi inda Alhaji Umaru ya zauna, ya kuma yanke tsohuwar hanyar Yeji sai da jirgin fito. Amma jikokin waɗanda suka fita da tabarma da buta su ne a zangunan Kumasi da Tamale da Ankara, suna ciniki da harshen da nake yi maka magana da shi yanzu.

Baba mai waya, in wannan takarda ta iso hannunka, ko wani yaro ya karanta maka, ka bugo mana ranar kasuwa mai zuwa ka gaya mana cokali nawa ka sa a shayin safe. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya tsare garke da hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.